Kamu Guda a Bayan Kujera

Motata ta farko ba mota ɗaya ba ce, mota biyu ce aka haɗa da wutar walda. Gabanta na wata tsohuwar motar Ingila ne, baƙa, mai dogon hanci, irin wadda manyan Turawa ke hawa a unguwarsu kafin su fara tattara komatsansu. Bayanta kuwa na yayarta ne, wato gida ɗaya aka ƙera su, amma yayar ta fi tsawo. Wata babbar mota ce ta murƙushe bayan tawa, ita kuma yayar ta rungumi bishiya da gabanta. Sai wani mai walda a unguwar Gamboru ta Maiduguri ya yanka wannan, ya yanka waccan, ya ɗaura musu aure. Da ita nake jigilar fasinja daga Dala zuwa kasuwa, wani lokacin har ƙauyuka, kuma da ita nake ciyar da iyalina.

Wanda ya samo mini rabin bayan nan wani mai shagon kayan mota ne, Ibo, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji. Ya daɗe a Maiduguri har yana jin Kanuri fiye da ni da aka haifa a garin. Magana ɗaya ce a bakinsa, duk abin da ka je nema: "Abokina, zai shiga." Ka kawo masa notin motar Ingila ya miƙo maka na motar Faransa, in ka ce ai awonsu ba ɗaya ba, sai ya ce, "A goge shi kaɗan, zai shiga." Mun sha faɗa da shi kamar za mu ci babu, don ni ba na ajiye fushi a ciki. Amma ran da ɗana ya kwanta da ƙyanda, shi ya rufe shago ya zauna da ni a ƙofar asibiti har aka sallame mu.

Sai kuma Baba, tsohon direba, Bakanuri mai tsage, dogo, siriri, kullum yana zaune a gindin darbejiya kusa da bakin gada, da hularsa a karkace. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa wa wani Bature irin motar nan tawa, amma ta asali, wadda ba a taɓa canza mata ko kusa ɗaya ba. Bature ya tafi, aka sayar da motar can wata uwa duniya, Baba ya rage da labarinta. Duk direban da zai sayi tsohuwar mota sai ya kawo masa ita ya duba. Ba ya buɗe inji. Zagaya ta yake yi, yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa yana kasa kunne, sannan ya auna ta da hannunsa, kamu bayan kamu, daga hannun ƙofa zuwa wutsiya. In ya ce an taɓa ta, to an taɓa ta, ko da mai ita zai dafa littafi.

Ran da na fara kawo masa tawa, ina ta ƙwambo, sai ya auna, ya sake aunawa, ya tofar da goron bakinsa.

"Yaro, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Haba Baba, ai uwa ɗaya uba ɗaya suke," in ji mai shago, don yana tsaye a wurin.

"Uwa ɗaya dai. Uba kam kowa da nasa. Kama da wane ba ta wane. Ta ƙaru da kamu guda cur. Kai kuma mai sayar da ƙarya, ina bututun hayaƙin da ya dace da wannan tsawon?"

"Yana hanya, Baba. Na aika Kudu."

"Yana hanya! Ni da motar nan, ko ciwon ajali ya kama ni kada a sa ni a cikinta."

Tun daga ranar ba su ƙara jituwa ba. In mai shago ya gifta ya ce, "Wushe, Baba," sai Baba ya kau da kai ya ce ba ya amsa gaisuwar mai haɗa aure tsakanin jaki da doki. Ni kuwa in na wuce ta gaban bishiyarsa sai ya ɗaga murya, "Ga marar asali nan ta taho!" Raina yakan ɓaci ƙwarai, har in danna masa ham da gangan.

Gaskiyar Baba ce, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Rabin bayan ya zo da bangon but ɗinsa, gaban kuma yana da tasa kujerar baya, saboda haka tsakanin jinginar kujera da bangon but aka sami wani rami mai faɗin kamu guda, tun daga wannan gefe har wancan. In ka ɗaga jinginar daga ƙugiyoyinta sai ka gan shi. Mai walda ya yi masa daɓe da ƙarfen tsohon duro, ya bar 'yan kafofi nan da can. Bututun hayaƙi kuwa na gajeriyar motar ne, don haka daidai ƙarƙashin ramin nan ya ƙare. In ana gudu iska takan kwashe hayaƙin. In aka tsaya inji na aiki, sai ya taru ya hau ta kafofin. Na san haka ne saboda kajin wata mata da na taɓa cusawa a ciki don but ya cika. Muka tsaya jiran wani fasinja mai dogon sallama, da muka isa ƙauyen na ɗaga kujera, sai ga kaji sun miƙe ƙafa. Matar nan ta wanke ni tas da zagi cikin harshe biyu, kuma ta yi daidai.

Duk wata sai na tambayi mai shago bututu. Duk wata yana hanya.

Sai ƙarshen wata damina ya zo, lokacin da gari ya rikice, aka shiga farautar mutanen Kudu gida-gida. Ba na son in faɗi abin da idona ya gani a kan titi, har yau ba na so. Mutanen da jiya ka sayi sabulu a hannunsu, yau ga shagonsu a buɗe ba kowa, takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwata. Mai shago ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa gida tun da aka fara ƙishin-ƙishin, shi ya tsaya wai yana gadin kaya.

Da hantsi uwargida ta leƙo ta ce mini akwai mutum a bayan randa a zaure. Na je na tarar da shi a tsugune, ba riga sai singileti, gefen kansa ya fashe, jini ya bushe a wuyansa.

"Abokina, sun ƙone shago," in ji shi. "Tashar jirgi ma an ce suna can."

Gabana ya faɗi. Wallahi tsoro na ji. Na tuna 'ya'yana a tsakar gida, na tuna gidan da aka banka wa wuta a layin baya don an sami baƙo a ciki. Amma me zan ce masa? In ce tashi ka fita? Na ce, "Iyakar Kamaru ba ta da nisa. Zan kai ka."

"A ina za ka sa ni? Suna buɗe but."

Muka dubi juna. Shi ya fara faɗa, murya ƙasa-ƙasa: "Zan shiga."

Na ce, "Ka manta da kaji?"

Bai manta ba. Na shigo da motar lungun gidanmu, na kwaɓa laka da tsumma na liƙe kafofin daɓen nan iyakar waɗanda na gani. Na ba shi jiƙaƙƙen ƙyalle ya rufe hanci. Ya kwanta a gicciye, ya naɗe ƙafafu, na mayar da jingina na maƙala ta. Na ce masa muddin muna tafiya ba komai, tsayuwa ce abin tsoro. Ga kuma batirina ya daɗe da mutuwa, in na kashe inji ba ya tashi sai an tura. Uwargida da maƙwabcinmu suka tura ni, ita tana ta karanto addu'a, shi kuwa bai tambayi komai ba, Allah ya jiƙansa.

Na ratsa gari. Ko'ina warin ƙuna. Na wuce kasuwa, na shiga Gamboru, har na fara cewa Allah ya rufa asiri. Ina karyo kwanar bakin gada sai na hango duro biyu da gungumen itace a gicciye kan hanya, da mutane riƙe da gora da adda. Ba 'yan unguwa ba ne, ban san fuskar ko ɗaya ba. Juyawa ba ta yiwuwa, sun riga sun gan ni.

Na tsaya, na bar inji yana aiki. Da na tsaya ɗin sai na fara jin ƙarar bututun nan a ƙarƙashin mota, bub-bub-bub, kamar a cikin kaina yake bugawa.

"Ina zuwa?"

"Ƙauye. Zan ɗauko mara lafiya."

"Buɗe baya."

Na fito na buɗe but. Taya ɗaya, jak, da tsumma. Wani ya leƙa kujerar baya, ya soka gora ƙarƙashinta. Na ce a raina, to ku sake ni mana, ku sake ni! Ina kallon hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin motar, shuɗi-shuɗi, yana lasar gefen taya. In na kashe inji ya yi tari, sun ji. In ban kashe ba, na san abin da ya sami kaji.

Har wanda ya leƙa ya ɗaga hannu a janye itace, sai wani ƙato mai jan rawani a wuya ya ce a dakata. Daga ganin tafin hannunsa ka san ya yi aikin babbar mota. Ya tsaya a gefe yana kallon motar daga nesa. Ya zo ya zura hannu cikin but har ya taɓa bango. Ya koma ya dubi inda kujera ta ƙare ta gilashi. Ya sake komawa baya.

"Kai direba, motar nan waje ya fi ciki tsawo. Ina sauran?"

Na ce, "Haka na saye ta."

"Haka ka saye ta. To, ga but ba komai, me ya sa bayanta ya zauna?"

Sai wani mai tallan rake da ke gefe, shi a ganinsa taimako yake yi, ya ce ai ga tsohon da ya san irin motocin nan can gindin bishiya, shi ya tuƙa wa Bature. Ƙaton ya ce a kira shi.

Inna lillahi! Duk duniya ba wanda nake tsoron a kira kamar Baba. Mutumin da kullum sai ya shelanta wa gari cewa motata ta ƙaru da kamu guda. Mutumin da bai taɓa yin shiru a kan aibin mota ba, ko ta surukinsa ce. Ga kuma wanda ke kwance a ciki, ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Na ga ya taso a hankali, yana gyara hula, kamar an kira shi cin tuwo. Shi kuwa inji yana ta bub-bub-bub.

Ya iso bai ko dube ni ba. Ya dubi bayan motar yadda ya zauna. Ya ɗan sunkuya, na ga idonsa ya sauka kan ɗanyar lakar da ta tsattsafo ta ƙasan daɓe. Ya miƙe. Na san ya gane, shi ma ya san na san ya gane.

Sai ya zura dogon hannunsa ta taga ya murɗe makulli. Inji ya mutu.

"Wannan hayaƙin tsiya zai kashe ni," in ji shi, ya kama tari. Tari fa na gaske, irin na tsofaffin masu shan taba, yana yi yana dukan rufin motar da tafin hannu, yana kaki yana tofarwa. A tsakanin tarinsa na ji wani ƙaramin tari daga cikin motar, ko kuwa kunnena ne, har yau ban sani ba. Baba ya ƙara nasa da ƙarfi har idonsa ya yi ja.

"Tsoho, an ce ka san motar nan," in ji ƙaton. "Bayanta daidai yake?"

Baba ya share baki da hannun riga. Ya dafa hannun ƙofa, ya fara awo yadda ya saba, gwiwar hannu zuwa yatsa, gwiwar hannu zuwa yatsa, har wutsiya. Yana yi yana surutu ba ƙaƙƙautawa da Hausarsa mai karin Kanuri, wai Baturensa kaza, wai ran da suka je farauta kaza.

"Ta asali ce," in ji shi. "Haka aka ƙera ta."

"To ina sauran tsawon?"

"Tankin mai ne a nan, yaro. Irin wannan a tsaye ake sa mata tanki, bayan kujera, don tafiyar daji. Ya cika shi fal, shi ya sa ta zauna. Kai babbar mota ka sani, wannan ta manya ce."

"Ka rantse?"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ni za ka sa rantsuwa? Tun uwarka ba ta san ɗaurin zane ba nake kwana ƙarƙashin irin motar nan. In ba ka yarda ba kawo addarka ka huda, fetur ya wanke mu, ga mai rake can da sigari a baki."

Wasu suka yi dariya. Ƙaton ya yi tsaki, ya ce a janye itace. Ban san sa'ad da na faɗa kujerar direba ba. Sai na ji an buɗe ƙofar baya, Baba ya shigo ya zauna, ya jingina bayansa da jinginar nan.

"Yaro, ka rage mini hanya. Ku kuma samari, kun tsaya kallo? Ku tura mana, batirinsa ya mutu."

Su suka tura mu. Da hannuwan nan masu riƙe da adda suka dafa but suka tura, inji ya kama, muka haye gada.

Ina so in tsaya, ina tsoron a hango mu. Na kira mai shago ta baya, "Abokina! Abokina!" Shiru. Baba ya ƙwanƙwasa jingina da bayan yatsa, ya kasa kunne, yadda yake wa mota. Shiru. Da muka kai inda dawa ta yi tsawo ta rufe hanya, sai ya daka mini tsawa, "Tsaya mana, ɗan banza, so kake ka kai gawa?"

Na kutsa cikin gona. Muka ɗaga jingina, wari ya bugo mu. Yana kwance yadda na sa shi, ƙyallen ya zame daga hancinsa, idonsa a rufe. Muka jawo shi waje kamar buhu. Na zuba masa ruwan da nake ajiyewa don lagireto, ina jijjiga shi ina kuka, ƙato da ni. Baba ya tallafi kansa a cinya yana masa fifita da hula, yana ta salati. Can sai ƙirjinsa ya motsa, ya yunƙura ya yi amai. Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe yana kallon fuskar da ke kansa.

"Wushe, Baba," in ji shi.

"Wushe, wushe," in ji Baba. "Mai sayar da ƙarya, ka ga abin da bututunka ya jawo?"

"Yana hanya, Baba."

Sauran tafiyar a ƙasan kujera ya yi ta, an lulluɓe shi da babbar rigar Baba, tagogi a buɗe. A wani ƙauye na bakin iyaka muka damƙa shi hannun wani mai fataucin kifi da Baba ya sani. Mai shago ko tsayuwa ba ya iya yi, kansa na ta sarawa, maganarsa na harɗewa. Aka aza shi a kan jaki, muna kallo har suka shige cikin ciyawa. Ban san ko zai kai gobe ba.

Daga nan shiru. Aka shiga yaƙin basasa, labarin da ke zuwa daga Kudu ba mai daɗi ba ne, yunwa da mutuwa. Nakan farka da tunaninsa, in ce ko a kan jakin nan ma ya cika. Baba kuwa bai ƙara kiran motata marar asali ba. Maganarsa ta riga ta fita a bainar jama'a, in ya janye ta wani zai tambayi dalili, kuma a lokacin dalili na iya cin gidan mutum. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ta asali ce. Direbobi, da kowannensu ya san inda aka yi waldar, suka fara cewa tsufa ya ci idon Baba. A hankali aka daina kawo masa mota dubawa. Yana zaune gindin darbejiyarsa shi kaɗai, ana wucewa da motoci zuwa wurin wani. Abin ya dame ni matuƙa, na ce masa bari in faɗa wa mutane gaskiya. Ya ce in rufe masa baki.

Bayan an gama yaƙi, hanya ta buɗe, wata rana ina wanke mota a Gamboru sai wani direban babbar mota da ya taso daga Kudu ya zo yana cigiyar mai baƙar mota doguwar wutsiya. Ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin buhun algarara, ya ce wani gajeren mutum ne ya ba shi a tasha, bai faɗi suna ba, ya ce dai in ya ga motar zai gane ta. Na kwance igiya. Bututun hayaƙi ne, sabo fil.

Na saɓa shi a kafaɗa na nufi bakin gada, har da gudu-gudu. Baba ya tsufa sosai lokacin, sai da na kama shi ya tashi zaune. Na ɗora masa bututun a cinya. Ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Sannan ya fara awo, gwiwar hannu zuwa yatsa, gwiwar hannu zuwa yatsa. Da ya kai inda na gajeriyar mota ke ƙarewa sai ya tsaya, ya ɗora hannunsa a kan ragowar. Kamu guda cur.

Hawaye na bin tsagen fuskarsa.

"Yana da rai," in ji shi. "Je ka ɗaura, zai shiga."